Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Babban Birnin Tarayya Kan Tsadar Haya Da Hayar Gado A Abuja

Mai Girma Minista,

 

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar wurin kwana. Ina nufin inda direban ma'aikata, da maigadi, da mai shara, da ƙaramin akawu, da birkilan da ke ɗora bulo a Guzape suke sa haƙarƙarinsu idan dare ya yi. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ta shafi mutane masu ɗimbin yawa da ba su da hanyar isa ofishinka. Na kuma nufo ka da ita domin a Abuja fili da izinin gini da motar rusau duk suna ƙarƙashin sa hannun mutum ɗaya, wato kai. Roƙona a taƙaice shi ne ka sa wa birnin nan ƙa'idar mafi ƙarancin wurin da ya halatta a ba ɗan Adam haya, sannan ka buɗe hanyar samun ɗaki mai araha, domin kada ƙa'idar ta zama wata sabuwar hanyar korar talaka.

Akwai wata sana'a da ke yaɗuwa a manyan biranen duniya masu tsada, wato bayar da hayar akwatin kwana. Ana ƙera wuri da katako ko roba, tsawonsa kamar mita biyu, faɗinsa mita ɗaya, tsayinsa kuma bai kai mutum ya miƙe tsaye ba. A sa katifa da ƙwan lantarki da wurin cajin waya da labule, a jera su wani bisa wani a cikin babban ɗaki, a haɗa mutane banɗaki ɗaya da kicin ɗaya. A Japan abin ya fara. A 1979 aka buɗe otal na farko irin wannan a birnin Osaka, wanda mai zanen gine-gine Kisho Kurokawa ya tsara. Manufarsa a lokacin ita ce ma'aikacin da jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce shi ya sami inda zai kwana dare ɗaya, gari ya waye ya koma aiki, daga nan ya tafi gidansa.

Tsadar haya ce ta mai da makwancin dare ɗaya gidan zama. A San Francisco ta Amurka, inda hayar ciki da falo ke kaiwa dala 3,000 a wata, wani kamfani ya riƙa bayar da irin waɗannan akwatuna a kan dala 700 a wata, matasa masu neman aiki a kamfanonin fasaha suka yi ta rububinsu, har hukumar birnin ta taso masa a 2023 saboda ya fara ba tare da izini ba. A Barcelona ta Sifaniya, a 2018, wani kamfanin ya tallata nasa a kan kimanin Yuro 200 a wata, hukumar birnin ta ƙi ba shi lasisi, ta ce dokarsu ba ta yarda a kira wannan gida ba. Duk inda aka kawo wannan haja, da suna mai daɗi ake tallata ta: a ce zaman tare ne na zamani, a ce sauƙi ne ga matasa.

Wanda yake son ya ga inda hanyar take ɓullewa, ya dubi Hong Kong. Birni ne na mutum kusan miliyan bakwai da rabi, cike da bankuna da dogayen benaye, kuma ya shafe fiye da shekara goma yana kan gaba a jerin biranen da sayen gida ya fi gagarar mai albashi. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da 200,000 suna zaune a gidajen da aka yayyanka zuwa ƙananan ɗakuna sama da 100,000. Ƙasa da waɗannan kuma akwai masu hayar gado kawai, wanda aka kewaye da waya ko katako, abin da mutanen can ke kira gidan keji ko gidan akwatin gawa. Yawancinsu tsofaffi ne da leburori da masu wanke-wanke a gidajen abinci. Wanda ya shiga layin gidan gwamnati yakan jira shekara biyar ko fiye. Idan kuma aka auna da murabba'in mita, kuɗin da mai kwana a keji yake biya yakan zarce na mai zama a katafaren gida.

Na tsaya a kan Hong Kong ne domin ta yi kama da Abuja ta fuska ɗaya mai muhimmanci. A can kusan dukkan ƙasa ta gwamnati ce, ita ke bayar da ita haya na dogon lokaci, kuma shekara da shekaru kuɗin sayar da filaye na cikin manyan hanyoyin shigarta. Gwamnatin da ke cin riba daga tsadar fili ba ta gaggawar ganin ya yi araha. Tana sakin sa kaɗan-kaɗan, manyan kamfanoni su saye, su gina abin da zai mayar musu da kuɗinsu, talaka kuma ya matsu a ɗan abin da ya rage. A Abuja ma, tun daga Dokar Soja ta 6 ta 1976 wadda Janar Murtala Muhammad ya kafa birnin da ita, har zuwa Tsarin Mulkin 1999, ƙasar Babban Birnin Tarayya ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma Minista ne ke raba ta a madadin Shugaban Ƙasa. Saboda haka tsadar fili a nan ba ƙaddara ba ce. Sakamako ce ta yadda aka raba shi da waɗanda aka ba.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin. Tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya yi hasashen mutum kimanin miliyan uku idan an gama gina shi baki ɗaya. Aka tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Tun daga farko masu aikin ƙarfi a gefe aka ajiye su: Nyanya sansanin leburori ce da aka yi wa masu gina birnin, da niyyar zaman wucin gadi, ga ta nan har yau ta zama gari. Mpape ta taso ne a gindin wuraren fasa dutse. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, sai aka sayar da gidajen gwamnati daga 2005, ma'aikacin da aka ɗauka bayan nan ya tarar babu kwatas, sai dai ya shiga kasuwa ya yi gogayya da 'yan kwangila da 'yan siyasa. A tsakanin 2003 da 2007 kuma aka yi gagarumin rusau, wanda ƙungiyar kare haƙƙin muhalli ta COHRE ta ƙiyasta ya raba mutum sama da 800,000 da matsuguninsu. Waɗannan mutane ba su ɓace ba. Sun kwarara Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja, kullum asuba suna cika hanyar Keffi da ta Kubwa domin su zo su yi wa birnin hidima.

Ga lissafin yau. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Wannan kuɗi gaba ɗayansa, ko da mutum bai ci bai sha ba, ba zai kama masa ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki a Wuse ko Gwarinpa ba. Kuma ba kuɗin haya kaɗai ake nema ba. Za a ce ya kawo na shekara ɗaya cur, wani mai gidan ma ya ce biyu, sannan la'adar dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, kafin a miƙa masa makulli. Idan ya gudu bayan gari neman sauƙi, kuɗin mota ya cinye sauƙin, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Su ma masu gidaje suna da nasu kukan: hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, siminti da rodi sun ninka, kuma wanda ya ci bashin banki da ruwan da ake sakawa yanzu ba zai iya gina ɗakin talaka ya fita ba.

Sakamakon yana nan a fili ga duk mai yawo da dare. Samari shida ko takwas suna haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya a ƙauyen Garki ko Jabi ko Durumi, wasu su kwana da dare, masu aikin gadi su karɓi shimfiɗar da rana. Maigadin kango yana karɓar 'yan kuɗi ya bar leburori su kwana a benen da ba ƙofa ba taga. 'Yan ga-ruwa da 'yan bola-jari da masu wankin takalmi suna kwana a baca ta kwano da leda, ko a barandar shago, ko a harabar masallaci. Jaridu sun sha ruwaito labarin ma'aikatan da ke kwana a ofis daga Litinin zuwa Juma'a domin albashi ba zai ɗauki zirga-zirgar kullum ba. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah 'yan ci-rani ne daga Katsina da Zamfara da Sakkwato da Borno, kuma akwai waɗanda rashin tsaro ne ya raba su da gonakinsu, ba sha'awar birni ba. Ke nan hayar gado ta riga ta zo Abuja. Abin da ya rage shi ne masu jari su shigo su yi mata fenti da allon talla.

Kuma za su shigo, domin lissafin yana da daɗi. Ɗauki ɗakin da maginanmu ke kira sha biyu sha biyu, wanda bai wuce murabba'in mita 13 da ɗoriya ba. A matsayin misali, a ce hayarsa naira 600,000 ce a shekara. Idan mai shi ya sa gadaje huɗu masu hawa biyu, ya karɓi 15,000 a wata daga mutum takwas, ya tashi da 1,440,000 a shekara, fiye da ninki biyu, ba tare da ya ƙara bulo ɗaya ba. Shi kuwa mai haya zai ga ya sami sauƙi, domin 15,000 ta wata tana hannunsa, 600,000 a dunƙule kuwa ba ya da ita. A nan tarkon yake. Da zarar maƙwabta sun ga ribar, kowa zai yanka nasa ɗakin, farashin ɗaki cikakke ya bi ribar gadaje ya hau, mai iyalin da ke zaune a ciki a ba shi notis. Abin da aka kawo da sunan maganin tsadar haya sai ya koma yana ƙara ta.

Ba ina cewa kwanan haɗaka haramun ba ne. Mu Hausawa mun daɗe da shi. Zauren gida makwancin baƙo ne da samari. A zangunan fatake, daga Sabo ta Ibadan har Kumasi, maigida yakan saukar da mai kawo shanu ko mai sayen goro, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya tsaya masa a ciniki, ya ɗauki alhakinsa idan wani abu ya taso. Amma wancan tsari yana da abu biyu da akwatin kwana ba shi da su. Baƙo ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, yana da gidan da zai koma. Kuma akwai sanannen mutum da za a kama idan an cuce shi. Saurayin da ya zo neman aiki, ko ɗalibi, ko mai bautar ƙasa, ko ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya, duk suna bukatar masauki mai araha na ɗan lokaci, kuma ya kamata birni ya tanada. Inda ɓarnar take shi ne mutum ya shekara goma a kan gadon haya domin babu matakin da zai taka zuwa ɗaki.

Ɓarna ta farko ta lafiya ce da rai. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ɗakin da ya haura mutum uku a matsayin cunkoso. Mu da muka san zafin watan Maris, mun san abin da sanƙarau ke yi a ɗakin da ba iska, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu. Ƙara da hayaƙin janareta, da risho kusa da katifa, da wayoyin lantarki da aka jona barkatai, da ƙofa ɗaya tak. A Seoul ta Koriya ta Kudu, gobara a irin waɗannan ƙananan ɗakuna ta kashe mutum 7 a Nuwamban 2018. A Johannesburg, a Agustan 2023, fiye da mutum 70 suka ƙone a wani tsohon bene da aka yayyanka da katako ana bayarwa haya. A Kuwaiti, a Yunin 2024, ma'aikata baƙi kusan 50 suka mutu a ginin da aka cusa su.

Ɓarna ta biyu ba ta fitowa a labarai, amma ta fi daɗewa. Gadon haya ba ya ɗaukar iyali. Magidanci zai bar matarsa da 'ya'yansa a ƙauye, ya riƙa ganinsu daga Sallah sai Sallah. Saurayi zai kai shekara arba'in bai yi aure ba, domin ba a kai amarya gado mai hawa biyu. Wanda kuma ya matsa ya kawo iyalin, sai su cushe a ɗaki ɗaya da 'ya'ya balagaggu. Addininmu ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma, ya kuma koya musu neman izini kafin shiga wurin iyaye a wasu lokuta, kuma ban san wani addini ko wata al'ada a ƙasar nan da ba ta girmama sutura ba. Yaya uba zai cika wannan a ɗakin da labule ne kaɗai bango? Matan da ke aiki su kaɗai a birni kuwa, haɗarin da ke kansu a irin wannan zama ya fi na kowa.

Na san amsar da ta fi saurin zuwa a ofisoshin Abuja ita ce a aika motar rusau. Ina roƙonka ka dubi abin da ya faru a Beijing. A Nuwamban 2017 gobara ta kashe mutum 19 a wani gidan haya mai cunkoso a unguwar Daxing. Hukuma ta mayar da martani da korar dubban 'yan ci-rani cikin tsananin sanyi, wasu da wa'adin kwanaki kaɗan. An rushe ɗakunan, amma ba a rushe bukatar da ta haife su ba. Mu ma mun gwada wannan tun 2003. Duk bacar da aka ture a yau, gobe za ta tsiro a bayan wani dutse, nesa da ruwa, nesa da asibiti, nesa da idon jami'an tsaro, kuma haya a ƙauyen da ya tsira ta ƙara tashi. Saboda haka ga abubuwan da nake roƙo.

Na farko, a ƙirga. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, shi ya sa kowa ke faɗin adadin gidajen da ake bukata yadda ya ga dama. Hukumarka za ta iya bin unguwa-unguwa ta san mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, nawa suke biya, wa suke biya. A yi aikin tare da masu unguwanni da sarakunan Gbagyi da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, a kuma tabbatar wa jama'a ba share fagen rusau ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, a kafa ƙa'ida, a kuma yi rajistar duk mai bayar da hayar gado. Hong Kong, bayan shekaru tana kau da kai, ta yi doka a 2025 cewa ɗakin da aka yanka don haya kada ya gaza murabba'in mita 8, kuma dole ya kasance da taga da banɗakinsa da matakan kariya daga gobara, ta kuma ba masu gidaje wa'adin shekaru su gyara. Namu ma'aunin ya dace da yanayinmu: yawan mutane gwargwadon faɗin ɗaki, tagogi masu shigar da iska ta ɓangare biyu, ƙofar fita ta biyu, banɗaki gwargwadon adadin masu kwana, ɓangaren mata daban, da sunan wanda za a tuhuma idan an sami matsala. A kuma yi hattara da ƙofar zillewa. Dokar Hong Kong ta 1994 ta wajabta lasisi ne ga gidan da ke da gado 12 zuwa sama, sai masu gidaje suka riƙa tsayawa a 11.

Na uku, a karya al'adar biyan kuɗin shekara. Ma'aikaci da wata ake biyansa, bai kamata a ce ya biya haya da shekara ba, kuma wannan dunƙulen kuɗi shi ne babban abin da ke tura mai albashi gadon haya. Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin rage kuɗin gaba zuwa wata uku, daga nan a koma biyan wata-wata, amma bai zama doka ba har wa'adin waccan majalisa ya ƙare. Idan ƙudurin ya fito daga ɓangaren zartarwa da goyon bayanka, zai fi nauyi. Sai dai a ɗauki darasi daga Legas, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya tun 2011 amma ana taka dokar kullum. Mai gida yana neman kuɗin gaba ne domin yana tsoron ɗan hayar da zai ƙi biya, shari'a kuma ta ɗauki shekaru. A haɗa dokar da kotun haya mai yanke hukunci cikin makonni, wadda za ta kare kowane ɓangare, a kuma ƙayyade la'adar dillalai.

Na huɗu, kuma shi ne gindin maganar, fili. A 2025 hukumarka ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwanni saboda an shekara goma ko fiye ba a biya harajinsu ba. A Disamban 2024 kotu ta ƙwace rukunin gidaje 753 a Lokogoma bayan ƙarar da EFCC ta shigar. Waɗannan biyun sun isa shaida cewa Abuja ba ta rasa fili ba, ba ta kuma rasa kuɗin gini ba. Ina roƙon duk filin da ya tabbata ya dawo hannun hukuma, a ware wani sanannen kaso nasa domin benayen haya masu ɗaki ɗaya da ciki da falo, a cikin gari kusa da wuraren aiki, a kuma buga sunayen waɗanda aka ba. Duk kamfanin da aka ba fili da sunan gina wa jama'a gidaje, a ɗaure shi da sharaɗin adadin ƙananan gidajen da zai fitar da farashinsu, in ya saɓa a karɓe. Gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana a 2024 abin yabo ne, amma na sayarwa ne, mai albashin 70,000 kuwa haya yake nema. Manyan gidajen da ke kulle shekara da shekaru a Maitama da Asokoro, ba kowa sai maigadi, a sa musu haraji na musamman, kamar yadda birnin Vancouver na Kanada ya fara a 2017, a zuba kuɗin a asusun gidajen haya.

Na biyar, wanda ya tara ma'aikata ya san inda za su kwana. Kada a ba babban kamfanin gini izinin aiki sai ya nuna masaukin leburorinsa. A manyan kasuwanni irin su Dei-Dei da Wuse da Utako, a ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa fili su gina masaukai masu rajista, masu ruwa da banɗaki, a kan farashin da aka amince. A nan ne kwanan haɗaka yake da gurbi na halal.

Na shida, sufuri. Ɗaki mai araha a nesa ba shi da amfani sai da mota mai araha. An farfaɗo da jirgin ƙasa na cikin gari a Mayun 2024, amma layinsa ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani. Kafin layin dogo ya isa can, manyan motocin safa masu hanyarsu ta daban za su rage wa mutane kwanan ofis.

Na bakwai, kada a sake rushe wurin kwanan mutane sai an ba su isasshen wa'adi a rubuce an kuma nuna musu inda za su koma, in ban da ginin da ke barazanar faɗuwa a kansu.

Za a ce babu kuɗi. Singafo ba ta da arziki lokacin da ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yawancin mutanenta a cunkushe suke a unguwannin kwano da katako. Ta yi amfani da ikonta a kan ƙasa, yau kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar suna zaune a gidajen da hukumar ta gina. Ita kanta Hong Kong ba ta fara gina gidajen jama'a ba sai da gobarar Shek Kip Mei ta raba mutum sama da 50,000 da muhallinsu a dare ɗaya a Disamban 1953. Ɗaya ta yi da shiri, ɗaya ta jira masifa. Abin da ya fi tsada a gidan Abuja shi ne fili, shi kuwa yana hannunka ba tare da ka nemi kasafi ba.

Ranka ya daɗe, an ga tituna da gadojin da ake ginawa, kuma ba mai musun amfaninsu. Amma an kafa Abuja ne domin ta zama birnin kowane ɗan Nijeriya, kuma mai share titin yana cikin masu ita. Ina roƙonka ka fara da abu biyu da ba sa bukatar dogon shiri: ka ba da umarnin ƙirga masu kwanan cunkoso, ka kuma aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin dokar haya kafin shekara ta zagayo masu gidaje su sake aiko da takardar ƙari. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan haya a Babban Birnin Tarayya.